Yadda Ake Ƙarfafa Saiwar Tsirran da Ake Reno a Tukunya a Cikin Gida

Wanda ya shuka tumatir ko attaruhu a tukunya ya ajiye a baranda ko kusa da taga, ganye yake kallo kullum, domin shi ne abin da ido ke gani. Sai dai lafiyar ganyen daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa, kuma a lokacin da ganye ya fara yin rawaya ko yaushi, sau da yawa saiwar ta yi kwanaki tana wahala. Tsiron da ke gona yana da damar miƙa saiwarsa ya nemo danshi da abinci a nesa, idan nan ya yi zafi ya nutsa ƙasa, idan nan ya jiƙe ya karkata gefe. Na tukunya ba shi da wannan zaɓi. Duk abin da saiwarsa za ta samu na ruwa da iska da sanyi da taki, mai shukar ne ya ƙayyade mata shi a cikin 'yan litocin ƙasa.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne saiwa tana numfashi. Tana buƙatar iskar oksijin domin ta ƙona sukarin da ganye ke aiko mata, da ƙarfin da ta samu daga nan ne take tsiro kuma take jawo sinadaran abinci daga ƙasa. Wannan iska tana zaune ne a ƙananan guraben da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, kuma idan ruwa ya cike guraben ya zauna, iskar ba ta iya ratsowa, domin tafiyar oksijin a cikin ruwa ta fi tafiyarsa a cikin iska jinkiri da kusan ninki 10,000. Kusan duk matakan da ke biye hanyoyi ne na tabbatar da cewa saiwa ta sami ruwa da iska a lokaci guda.

Zaɓen mazubi

Matakin farko shi ne mazubin da za a yi shukar a ciki, kuma sharaɗin da ba a sassauta shi ne ramukan fitar ruwa a gindinsa. Bokitin fenti mai lita 20, wanda ake samu cikin sauƙi, ya ishi tumatir ɗaya ko attaruhu ɗaya har ya yi 'ya'ya, amma sai an wanke shi sarai an huda masa ramuka shida zuwa takwas masu faɗin ɗan yatsa a ƙasa, a ƙara wasu 'yan kaɗan a gefe dab da gindi. Bayan haka a ɗora shi a kan bulo ko 'yan duwatsu domin kada ramukan su manne da siminti su toshe. Idan an sa faranti a ƙarƙashi don kare daɓe, a zubar da ruwan da ya taru a cikinsa bayan kamar rabin sa'a, kada a bar gindin mazubin ya kwana a ruwa.

Tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta da fenti ba ta fi roba kyau ga saiwa a ƙasa mai zafi, saboda jikinta yana tsatsafar da danshi, danshin kuma yana bushewa yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Iska ma tana shiga ta jikinta. Illarta kawai ita ce ƙasar ciki tana saurin bushewa, don haka tana neman ban ruwa akai-akai, ga kuma nauyi.

Akwai mazubi na uku da ya cancanci a tsaya a kansa, wato na yadi ko buhu mai saƙa. A cikin bokitin roba, idan saiwa ta isa bango ba ta da inda za ta, sai ta bi jikinsa tana zagayawa, har a wayi gari an sami doguwar saiwa ɗaya ta naɗe kanta sau da yawa ba tare da ta yi rassa ba. A mazubin da iska ke ratsa jikinsa kuwa, bakin saiwar yana bushewa da zarar ya leƙo waje, kuma mutuwar wannan ɗan baki ita ke sa saiwar ta fitar da sababbin rassa daga baya, waɗanda su ma za su isa bango su sake yin haka. Sakamakon shi ne curin saiwa mai yawan ƙananan rassa da suka cika tsakiyar ƙasar, wanda ya fi doguwar saiwa mai zagaye amfani nesa ba kusa ba. Buhun shinkafa ko na masara mai saƙa yana yin wani abu na wannan aiki idan ba a manna masa leda a ciki ba, sai dai rana tana cinye shi cikin watanni.

Akwai al'adar zuba tsakuwa ko fasassun kasko a gindin tukunya da nufin ruwa ya fi saurin fita. Wannan ba ya taimakawa. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga cikin tsakuwa sai ƙasar ta ƙoshi ta yi sharkaf, saboda haka abin da tsakuwar ke yi shi ne ta ɗago jiƙaƙƙen sashen ƙasar sama, ta matso da shi kusa da saiwa, ta kuma rage wa tsiron zurfin da zai yi amfani da shi. Idan ana tsoron ƙasa ta zube ta ramukan, ɗan yankin tsohon gidan sauro ya wadatar.

Haɗa ƙasa

Nan ne aikin ya fi muhimmanci, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ƙasar da aka ɗebo daga gona ko bayan gida aka zuba a bokiti ita kaɗai ba ta yin abin da take yi a gona. Idan mai laka ce, kamar ta fadama, bayan an yi mata ban ruwa sau da yawa sai ta danƙare, guraben iskarta su rufe, idan ta bushe kuma ta tsattsage ta ja da baya daga jikin mazubin, ruwa ya riƙa bi ta gefe yana fita ba tare da ya jiƙa tsakiya ba. Idan ta jigawa ce mai rairayi, ruwa da taki suna wucewa kafin saiwa ta amfana. Dole ne a haɗa abubuwa uku: abin da zai riƙe danshi, abin da zai buɗe wa iska hanya, da abin da zai ciyar.

Haɗin da ya dace da tumatir da tattasai da attaruhu shi ne kashi biyu na ƙasar lambu mai kyau wadda aka tankaɗe, kashi ɗaya na takin gargajiya da ya ruɓe sosai, da kashi ɗaya na abin da zai sassauta ƙasar. Wannan na ƙarshe zai iya zama buntun shinkafa, musamman wanda aka babbaka ya zama baƙi ba tare da ya koma toka ba, ko dakakken gawayi mai girman ƙwayar wake, ko yashin kogi mai kauri. A guji rairayi mai laushi, domin idan ya haɗu da laka cike guraben yake yi maimakon ya buɗe su. Wanda yake da halin sayen ɓawon kwakwa da aka niƙa, wanda masu sayar da kayan lambu ke kawowa a dunƙule a matse, zai iya maye gurbin ƙasar lambun da shi gaba ɗaya, amma sai ya jiƙa shi ya wanke shi sau biyu ko uku, saboda wani yana zuwa da gishiri a jikinsa, gishiri kuwa yana ƙona sabuwar saiwa. Haka nan farin dutsen nan mara nauyi da ake kira falayit yana yin aikin buntu, kuma ba ya ruɓewa.

Game da taki, kalmar da za a kula da ita ita ce ruɓewa. Kashin kaji ɗanye yana da zafi, yana fitar da amoniya, kuma yana iya kashe ƙaramar saiwa cikin kwana biyu ko uku. Kashin awaki da na shanu sun fi shi sauƙi, amma su ma sai sun yi watanni a tare ana juya su ana yayyafa musu ruwa, har su yi baƙi, su daina wari, su riƙa marmashewa a hannu. Takin da har yanzu ake gane asalinsa da ido ko da hanci bai isa shiga tukunya ba.

Ƙasar lambu tana iya zuwa da abokan gaba, kuma mafi muni ga tumatir a ƙasa mai rairayi su ne ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani, waɗanda ke shiga saiwa su sa ta yi ƙulluttai. Hanyar rage su mai arha ita ce gasa ƙasar da rana, dabarar da masanin cututtukan tsirrai Jaacov Katan da abokan aikinsa suka bayyana a 1976. A jiƙa ƙasar, a shimfiɗa ta da kaurin da bai wuce taƙi ɗaya ba, a rufe ta da farar leda mai nuna ciki, a danne gefunan da ƙasa ko duwatsu, a bar ta a tsakiyar rana mako huɗu zuwa shida. Watannin Maris da Afrilu, lokacin da bazara ta kai ƙarshen zafinta, su ne suka fi dacewa da wannan aiki. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashin ledar yana kashe yawancin tsutsotsin da ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Sai bayan an gama ne za a haɗa ta da takin.

Kafin a yi shuka a gwada haɗin. A jiƙa shi kaɗan, a damƙi cikin hannu a matse: ya kamata ya dunƙule, amma ya wargaje da zarar an taɓa shi da yatsa. Idan ya zauna a dunƙule yana sheƙi, laka ta yi yawa, sai a ƙara buntu ko yashi. Sannan a cika mazubin ba tare da dannawa da ƙarfi ba, a zuba ruwa a gani: idan ya tsaya a sama fiye da minti ɗaya bai nutse ba, haɗin bai yi ba tukuna.

Saura batun tsami. Yawancin kayan lambu sun fi son ƙasar da ma'aunin tsaminta, wanda ake kira pH, ke tsakanin 6 da 6.8, wato mai ɗan tsami kaɗan. Idan ya haura 7.5, wato ƙasar ta rasa tsaminta ta koma mai kanwa-kanwa, sinadarin ƙarfe da wasu ƙananan sinadarai suna nan a ƙasar amma saiwa ba ta iya ɗaukarsu, sai a ga sababbin ganyen sama sun yi fari-fari ko rawaya alhali jijiyoyinsu na nan kore. Toka tana ɗaga wannan ma'auni da sauri, saboda haka ba a zuba ta a tukunya da yawa, duk da cewa a gona tana da amfaninta.

Farawa da ƙaramin mazubi

Kuskure ne a shuka iri ko a dasa ɗan ƙaramin tsiro kai tsaye a bokiti mai lita 20. Ƙaramar saiwa ba za ta iya shanye ruwan da ke cikin wannan tarin ƙasa ba, don haka ƙasar za ta daɗe a jiƙe, ga rashin iska, ga funfunar da ke ruɓar da saiwa tana samun wurin zama. Abin da ya fi shi ne a tafi daki-daki: a fara da ƙaramin kofi da aka huda, a koma mazubi mai lita ɗaya ko biyu, sannan a kai shi babban mazubinsa na ƙarshe. A kowane mataki saiwar tana cika wurin da aka ba ta kafin a ƙara mata, ƙasar kuma tana bushewa cikin lokacin da ya dace.

Ana binne irin tumatir ko na barkono da zurfin kamar rabin santimita. Tumatir yakan fito cikin kwana 5 zuwa 10 idan akwai ɗumi, attaruhu kuwa yana da nawa, yakan ɗauki mako biyu har uku, saboda haka kada a yanke ƙauna a tone shi. A wannan lokaci ana yayyafa ruwa ne kawai don saman ya kasance da danshi. Da zarar ganyen gaskiya na farko sun bayyana, wato waɗanda suka biyo bayan 'yan ganye biyu na iri, sai a koma ban ruwa ta ƙasa: a tsoma gindin kofin a faranti mai ruwa na minti goma zuwa goma sha biyar, a cire. Danshin da ke tasowa daga ƙasa yana sa saiwa ta bi shi ta nutsa, saman kuma ya zauna a bushe, abin da ke rage cutar nan da ke kama ƙananan tsirrai a wuya su faɗi.

Wasu tsirran ba sa son a taɓa saiwarsu. Karas da zogalen da aka shuka daga iri suna yin doguwar saiwa guda mai nutsawa, kuma idan ta karye ko ta lanƙwashe a wurin dashe ba ta komawa daidai. Irin waɗannan a shuka su kai tsaye a mazubi mai zurfi, a kula da ruwa sosai a makonnin farko.

Ban ruwa

Babu jadawalin da zai ce a ba da ruwa kullum ko bayan kwana biyu ya yi daidai a kowane gida, domin abin ya danganta da girman tsiro, da irin mazubi, da yanayi. Tukunyar da ke bushewa cikin yini ɗaya a watan Afrilu za ta iya yin kwana huɗu a jiƙe a watan Agusta, ko a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki. Ƙa'idar ita ce a duba kafin a zuba. A tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Idan akwai danshi a bar ta, idan ta bushe a ba ta. Hanyar da ta fi wannan inganci ita ce ɗaga mazubin: mutum ya san nauyinsa lokacin da aka gama ba shi ruwa, ya kuma san nauyinsa lokacin da ya bushe, bayan 'yan makonni hannunsa zai riƙa gaya masa gaskiya.

Idan za a ba da ruwa, a ba da shi sosai kuma a hankali, ana zagaya dukkan fuskar ƙasar, har ya fara fita ta ramukan ƙasa. Ɗan yayyafi na kullum da ke jiƙa saman kawai yana koya wa saiwa zama a sama, inda zafi ya fi yawa kuma bushewa ta fi sauri. Ruwa mai yawa da ke ratsa ƙasar gaba ɗaya yana tura tsohuwar iska waje, kuma yayin da yake tsiyayewa sabuwa na biyo bayansa. Tsakanin wannan ban ruwa da na gaba, lokacin da ƙasar ke bushewa sannu a hankali, shi ne lokacin da saiwa ke miƙewa tana neman danshi. Wannan sauyi tsakanin jiƙa da ɗan bushewa shi ne babban abin da ke gina saiwa, ya fi duk wani magani da ake sayarwa a kwalba da sunan ƙarfafa ta.

Sai dai ba a nufin a bar tsiro ya yi yaushi. Ƙananan gashin da ke kusa da bakin saiwa, waɗanda su ne ke shan mafi yawan ruwa, suna mutuwa idan ƙasa ta bushe ƙarau, kuma tsiron sai ya ɓata kwanaki yana maye gurbinsu. A tumatir, irin wannan tsalle daga bushewa zuwa jiƙewa yana hana sinadarin kalsiyam isa ga 'ya'ya, har gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe.

Wani abu mai rikitarwa shi ne tsiron da ruwa ya yi wa yawa shi ma yaushi yake yi, domin ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya shan ruwa ko da tana cikinsa. Mai shukar da ya ga yaushi ya ƙara ruwa ba tare da ya taɓa ƙasar ba yana ƙarasa tsiron ne.

A ba da ruwa da safe. A kula da ruwan tankin roba da ke saman gini, wanda da rana tsaka yake fitowa da zafin da zai iya cutar da saiwa. A tara shi a bokiti ya huce tukuna. Ruwan sama ya fi kowanne kyau saboda ba shi da gishiri, haka ma ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana da nauyin ma'adinai, kuma alamar hakan ita ce farin ɓawon da ke taruwa a saman ƙasa da bakin tukunya. Idan an ga haka, sau ɗaya a wata a zuba ruwa mai kyau da ya kai ninki biyu na girman mazubin a bar shi ya tsiyaye, domin ya wanke gishirin. Ruwan wanki mai garin sabulu ba ya shiga tukunya.

Dashe

Lokacin dashe ya yi idan fararen saiwoyi sun fara leƙowa ta ramukan ƙasa, ko kuma idan an juya mazubin aka zaro tsiron ƙasar ta fito a dunƙule da saiwa a jikinta. Tumatir yakan kai wannan matsayi a mako uku zuwa huɗu, barkono kuwa a mako biyar zuwa takwas. A ba shi ruwa sa'o'i kaɗan kafin aikin, a yi dashen da yamma, a riƙe tsiron ta curin ƙasarsa ko ta ganye, kada a matse kara. Idan an tarar saiwar ta riga ta naɗe a gindi, a warware ta da yatsu a hankali, idan ta yi tauri a yi mata yanka uku ko huɗu marasa zurfi daga sama zuwa ƙasa da wuƙa mai tsabta, domin daga wuraren yankan ne sababbin rassa za su fito su shiga sabuwar ƙasa.

Tumatir yana da wata baiwa da ya kamata a ci moriyarta: duk sashen karansa da aka binne yana fitar da saiwa. Saboda haka a cire ganyen ƙasa, a binne karan har kusan kashi biyu cikin uku na tsawonsa, a bar kan kawai a waje. Bayan mako biyu tsiron zai sami saiwa a tsawon duk abin da aka binne. Ba a yi wa lemun tsami ko gwanda ko sauran itatuwa haka. Su ana dasa su ne daidai zurfin da suke a da, domin binne wuyansu yana jawo ruɓewa.

Bayan dashe a ba da ruwa sosai sau ɗaya, a ajiye tsiron a inuwa mai haske kwana biyu ko uku, kada a sa masa takin zamani sai bayan mako ɗaya zuwa biyu. Idan ƙaramin tsiro ya fara fure kafin ya kama ƙasa, a tsinke furannin farko. Yana da wuya mutum ya yi hakan da hannunsa, amma tsiron da ya fara ɗaukar 'ya'ya yana karkatar da abincinsa gare su, saiwar kuma ta tsaya a inda take.

Zafi da haske

Saiwar yawancin kayan lambu ta fi yin aiki idan zafin ƙasar yana tsakanin digiri 20 da 25 a ma'aunin Salsiyas. Baƙin bokitin roba da rana ke duka ta taga ko a baranda yana iya wuce digiri 40 a gefen da ke fuskantar rana, kuma saiwar da ke wannan gefe mutuwa take yi. Maganin yana da sauƙi: a shafa wa bokitin farin fenti, ko a naɗe shi da buhun algarara, ko a saka shi cikin wani mazubi da ya fi shi girma domin iska ta shiga tsakani. A rufe fuskar ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, a bar ɗan fili a kewayen kara. A lokacin hunturu kuwa, musamman a wurare masu sanyi irin Jos, daɓen siminti yana janye ɗumin tukunya da dare, sai a ɗora ta a kan katako a kuma rage ruwa, domin saiwa mai sanyi ba ta sha da yawa.

Haske ma batun saiwa ne, tunda ganye ne ke ciyar da ita. Tsiron da ke cikin ɗaki mai duhu yana zuba ɗan abin da ya samu wajen yin tsawo don neman haske, sai ya zama siriri mai raunin saiwa. Tumatir da barkono suna son sa'a shida zuwa takwas na rana kai tsaye. Tagar gabas tana ba da ranar safe mai sauƙi, ta yamma tana da zafi ƙwarai a bazara, ta kudu kuwa ta fi amfani daga Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin da rana ke karkata kudu. Inda hasken bai isa ba, fitilar LED ta renon tsirrai da ake kunnawa sa'a 14 zuwa 16 a rana tana cike giɓin, idan akwai wutar da za ta riƙe ta. Idan babu, gara a zaɓi tsirran da ke haƙuri da ƙarancin haske, irin su na'a-na'a. Iskar fanka mai sauƙi da ke ɗan kaɗa tsiron na wasu sa'o'i tana sa kara ya yi kauri, tana kuma taimaka wa saman ƙasa ya bushe.

Taki

An daɗe ana cewa sinadarin fosfaras shi ne abincin saiwa, har wasu na zuba shi fiye da kima. Gaskiya ne rashinsa yana tsayar da girma, amma idan ƙasa tana da isasshe, ƙari ba ya ƙara saiwa, sai ma ya hana tsiro ɗaukar sinadaran ƙarfe da zinki. Haɗin da ke da ruɓaɓɓen takin gargajiya yana ɗauke da abin da zai isa na makonnin farko. Daga nan, ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu na takin zamani NPK 15:15:15 ga bokiti mai lita 20, duk bayan mako biyu zuwa uku, ya wadatar. A binne shi kusa da bangon mazubin nesa da kara, a kan ƙasa mai danshi, a bi shi da ruwa. Yuriya, wadda kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, tana da ƙarfi ga tukunya. Tana sa ganye ya yi yawa fiye da abin da saiwa za ta iya ɗauka, kuma kuskure kaɗan a awo yana ƙona tsiron. Idan bakin ganye ya fara ƙonewa bayan an sa taki, a wanke ƙasar da ruwa mai yawa nan take.

Akwai kuma funfuna mai amfani da ke zama a jikin saiwa, tana miƙa zarenta cikin ƙasa tana kawo wa tsiro fosfaras da ruwa, shi kuma yana ba ta sukari. Masanin tsirrai Bajamushe Albert Bernhard Frank ne ya raɗa wa wannan zama sunan mycorrhiza a 1885, kuma yawancin tsirran duniya suna yin sa, ciki har da tumatir da barkono da albasa, ban da irin su kabeji. Ana sayar da garinta, kuma idan za a yi amfani da shi sai a barbaɗa shi a jikin saiwar a lokacin dashe domin ya taɓa ta. Ya fi amfani a ƙasar da aka gasa ko haɗin da babu ƙasar lambu a ciki, kuma yawan fosfaras yana hana shi kamawa.

Tsiro daga yankan reshe

Na'a-na'a da ɗoɗɗoya da shuwaka, har da tumatir, suna yin saiwa daga reshe. A yanki lafiyayyen reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15 dab da ƙarƙashin gaɓa, a cire ganyen ƙasa a bar biyu ko uku a sama, a soka shi a haɗi mai yawan yashi ko buntu, a rufa masa leda mai 'yan huji, a ajiye a inuwa mai haske. Sinadarin da ke sa reshe ya yi saiwa, wato oksin, a kan tsiron ake yin sa yana gangarowa ƙasa, shi ya sa ba a cire kan reshen. Garin IBA da ake sayarwa, wanda aka san aikinsa tun 1935, kwaikwayon wannan sinadari ne, kuma ya fi amfani ga rassa masu tauri. Masu laushi ba sa buƙatarsa. Zuma da wasu ke shafawa ba ta ɗauke da shi. Idan an fara reshen a kofin ruwa, a mayar da shi ƙasa tun saiwar ba ta wuce santimita uku zuwa biyar ba, domin wadda ta daɗe a ruwa tana shan wuya kafin ta saba da ƙasa.

Duba saiwa da ceton wadda ta lalace

Ba laifi ba ne a zaro tsiro daga mazubinsa lokaci-lokaci a duba. Lafiyayyiyar saiwa fara ce ko mai ruwan madara, tana da ƙarfi, tana ƙamshin ƙasa. Wadda ta ruɓe tana yin ruwan ƙasa ko baƙi, tana da santsi da wari, kuma idan an ja ta fatarta na zamewa ta bar siririn zare. Idan ɓarnar ba ta kai ko'ina ba, a wanke ƙasar da ke jiki, a yanke duk abin da ya ruɓe da almakashin da aka goge da sifirit, a rage ganye gwargwadon saiwar da aka rasa, a dasa a sabon haɗi cikin mazubi ƙarami, a riƙa ba da ruwa kaɗan-kaɗan ba tare da taki ba har sabon ganye ya fito.

Ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke tashi daga tukunya idan an taɓa ta alama ce ta ƙasa mai yawan danshi, kuma tsutsarsu tana cin gashin saiwa. Barin saman ya bushe tsakanin ban ruwa, tare da shimfiɗa yashi mai kauri na santimita ɗaya a kai, yana karya zagayen haihuwarsu.

Idan kuwa aka ga ƙulluttai a jikin saiwar tumatir ko barkono ko kuɓewa, waɗanda suke kumburin saiwar ce kanta, ba sa ɓantaruwa idan an murza, to ƙananan tsutsotsin nan da ido ba ya gani ne suka shiga. Kada a rikita su da 'yan ƙwallayen da ke jikin saiwar wake da gyaɗa, waɗanda ke manne a gefe, suna cirewa cikin sauƙi, kuma amfani suke yi wajen samar da naitirojin. Tsiron da ƙulluttai suka kama ba ya warkewa. A cire shi da saiwarsa a ƙona, a wanke mazubin da ruwa mai bilic a shanya shi a rana, ƙasar kuma kada a sake shuka tumatir ko danginsa a cikinta sai an gasa ta ƙarƙashin leda a bazara mai zuwa.